Na Kai Awarata Kano Ta Ba Da Shaida

Tun da na dawo daga Kano ban huta ba. Wadda ta zo ɗibar wuta, wadda ta zo aron turmi, har wadda rabona da ita tun bikin autata, kowace sai ta gyara zama ta ce, "Habsu, ba mu labarin Kano." In fara ba da labari, awara ta ƙone a kasko. Abin da ya fi damuna shi ne labarin ya fara ƙiba a bakin mutane. Shekaranjiya a kasuwa na ji wata tana rantsuwa wai a jirgi aka kai ni, wata kuma ta ce an ba ni na'urar gane mayu. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, wanda ya ji ya ji.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Habsu mai awara ta Zango, nan Damagaram. Na fi shekara ashirin ina jiƙa waken suya, ina niƙa, ina tacewa, ina soyawa a ƙofar gida safe da marece. 'Yan kabu-kabun unguwarmu da awarata suke karya kumallo, kuma da kaskon nan na aurar da 'ya'ya uku.

Mafarin tafiyar wani bikin suna ne. Maƙwabciyata Iya Fanna, tsohuwa Babarbariya mai sayar da dambu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ta karɓe ni ina amarya a unguwar nan. Da aka yi mata tattaɓa-kunne sai aka ba ni aikin awarar taro, baho biyu. Aka ci, aka sha, aka yi guɗa. Kafin la'asar ta yi sanyi mutane suka fara layin bayan gida, masu amai na yi. Iya Fanna kanta sai da ta kwana uku a gidan likita ana ƙara mata ruwa. An ci shinkafa a wurin, an ci dambu, an sha zoɓo, amma bakin duniya bai ga kowa ba sai ni. Iya Fanna kaɗai ta tsaya mini. Tana kwance da allura a hannu ta ce wa masu dubiya, "Ku bar Habsu. Hannunta ba ya kawo cuta."

Kwana biyu bayan haka sai ga Mushe Ari, wato Malam Ari a bakin 'yan bokon Faransanci, ma'aikacin tsabta, dogo siriri, da biro uku a aljihun gaba. Ya leƙa randata, ya shinshina kaskona, ya ce in dakatar da suya sai an gama bincike. Na ce yaushe za a gama. Ya ce sai an aika samfur babban labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a nesa, sakamako kuma ya ɗauki sati ko fiye. Na ce ina samfurin. Ya ce ai an cinye. Haka na zauna sati uku murhuna a mace, 'yan kabu-kabu suna wucewa suna kau da kai kamar na kashe musu uwa.

Ana cikin haka sai wani faroje, irin shirin nan na masu ba da tallafi, ya aiko cewa ana son mace ɗaya daga ƙungiyarmu ta masu sarrafa abinci, da ma'aikacin tsabta ɗaya, su je Kano su koyi sabon gwajin gaggawa na gano ƙwayoyin cuta masu zuba dafi a abinci. Shugabarmu har ta kai ɗinki. Da ta ji a mota za a tafi ba a jirgi ba, sai ta tuna cewa ni ce na fi kowa cancanta. Ma'aikacin tsabtan da aka zaɓa kuma ba kowa ba ne sai Mushe Ari.

Ni dai da niyya ɗaya na karɓa. Ranar tafiya na tashi da asuba na soya awara sabuwa fil a cikin gida, na zuba a kwano mai murfi, na ɗaure da ɗankwali. Na ce a raina, tunda akwai na'urar da ba ta da dangi a Zango, ita za ta wanke ni.

Ƙarfe bakwai muna tasha. Direba ya ce saura mutum ɗaya. Ƙarfe goma ma saura mutum ɗayan nan, ban san daga wace ƙasa yake tahowa ba. Da ya iso ashe mai tallar maganin gargajiya ne, da jakar fata da ƙaramar amsa-kuwwa. Aka cusa shi tsakanina da Mushe Ari, na gode wa Allah, don ni da Mushen ko gaisuwa ciki-ciki muka yi. Mushen yana rungume da takardar misiyonsa ta izinin tafiya aiki a cikin leda, mai tampo biyar, wato hatimi, kamar mai jego da jariri.

Ba mu kai Takieta ba mai magani ya riga ya gano inda za mu. Ya yi dariya har da tafi.

"Har Kano don ciwon ciki? Ai duk ciwon cikin duniya shawara ce. Wanda bai yarda ba, basir ne."

Mushe Ari ya gyara murya ya fara yi masa bayanin mikorob, wato ƙwayoyin cuta. Mai magani ya ce, "Ka taɓa ganinsa?" Mushe ya ce da madubi ake gani. Mai magani ya ce, "To ni shawara ko ba madubi ina ganinta a idonka."

A Takieta aka tsaya shan mai. Mata suka yanyame mota da faranti, ƙosai, dafaffen rogo, kwaɗon zogale. Mushe Ari ya leƙa ta taga ya yi musu wa'azi a kan ƙuda da rashin murfi, har wata ta ce, "Malam, saye za ka yi ko huɗuba?" Na sauka kama ruwa, da na zagayo bayan mota sai na iske shi tsugune yana aika ƙosai biyu-biyu. Muka haɗa ido. Na ji sanyi a raina.

Daga nan muka bar hanyar Yamai muka yi kudu. Kance, sai Matamaye, inda kowa ya sayi rake, motar ta koma kamar garken shanu, ba ka jin komai sai tauna da tofarwa. Da azahar muka isa iyaka. A ɓangarenmu aka duba takardar Mushe, aka ƙara mata tampo na shida, fuskarsa ta yi haske. A ɗaya ɓangaren wani mai kaki ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan da wane yare aka rubuta?"

"Faransanci," in ji Mushe Ari, kamar an zagi kakansa.

"To ka faɗa mini da Hausa, mu huta."

Kafin Mushe ya gama fassara tampo na biyu, idon mutumin ya sauka a kan kwanona. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ce mene ne. Na ce awara. Ya ce bari ya tabbatar. Ya ɗauki ɗaya ya jefa baki, ya ce akwai yaji? Na miƙa masa ƙullin yaji. Ya ɗauki ta biyu, ya dangwala, yana lumshe ido.

"Kai, mutanen Nijar kun iya awara. Biki za ki kai?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, gwaji zan kai. An ce awarata ce ta kwantar da mutane a gidan likita."

Bakinsa ya tsaya cak da taunar. Ban yi ƙarya ba, ban dai ƙara bayani ba ne. Ya miƙo takarda da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ciki, ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya. Sai da muka shige Kwangwalam sosai na ji wani sauti kamar kukan ƙofa. Na waiwaya, ashe Mushe Ari ne yake dariya. Ban taɓa sanin yana da haƙoran gaba ba sai ranar.

Daura, Kazaure, shinge bayan shinge, kowane da tambayarsa, har muka shiga Kano ana kiran magariba. Ban taɓa ganin mutane sun yi yawa haka ba kuma kowa yana sauri. Abu na farko da na lura shi ne a Kano aikin hajji ba shi da wuya. Ina sauka daga mota na zama Hajiya. Mai a-daidaita-sahu ya ce Hajiya, mai ruwan leda ya ce Hajiya. Shekara nawa ina roƙon Allah kujerar Makka, ashe iyaka kawai zan tsallaka.

Masaukin da aka kai mu otel ne mai hawa uku. Ƙofar ɗakin ba ta da makulli, wani kati ake goga mata, ni kuma na goga har hannuna ya gaji, ashe ƙofar maƙwabci nake gogawa. A ciki sanyin kilim, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, kamar randar ƙanƙara, ban san inda ake kashe shi ba, na kwana da zane uku da lulluɓi a tsakiyar bazara. Bayan gidan nasu na zama ne, fari tas, amma ba buta. Na duba ko'ina, sai na ga wata kyakkyawar buta ta ƙarfe a kan tebur, har da igiya. Na ce lallai Kanawa sun ci gaba. Da safe mai shara ta gan ta a bakin bayi, ta dafe ƙirji.

"Hajiya! Wannan ai ta dafa shayi ce!"

Na ce to Allah ya ba na bayana haƙuri.

Karin kumallonsu burodi ne mai laushi da zaƙi kamar katifa, ba irin namu dogo mai ɓawo ba, da shayi wanda madara ta fi ruwa yawa. A teburin na fara gane cewa Hausarmu ɗaya ce amma kowa da ubangidan da ya ara wa kalma. Na ce kuran ya ɗauke, suka ce nefa. Na ce firigo, suka ce firji. Mu muna cewa formasiyo muka zo, su suna cewa bita. Wata mai ƙunshi har gwiwar hannu ta tambaye ni wai muna da kwalta a Nijar. Na ce mata a'a, a kan raƙumi na zo, yana ɗaure a bayan otel. Ta ce, "Allah sarki," da gaske.

Amma da aka zo bikin buɗe taro sai na ga mu da su uwa ɗaya uba ɗaya. An ce ƙarfe tara, manyan baƙi suka iso sha ɗaya. Kowane ya tashi sai ya gaida sauran ɗaya bayan ɗaya da sarautunsu, ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita. Wani mai babbar riga ya yi jawabi mai zafi a kan cutar sauro, aka raɗa masa a kunne, ya ce to duk dai cuta cuta ce. Aka yi hoto, aka sha shayi, suka kwashe motocinsu suka tafi. Sai a lokacin wata 'yar ƙaramar mace da ke zaune a gefe tana jera kwalabe ta miƙe ta ce ita ce Dakta Bilkisu, ita za ta koyar da mu. Duk safiyar nan na ɗauka mai raba ruwa ce.

Matar nan ta iya magana. Ba ta ɗora mana Turanci ba. Ta ce ƙwayoyin nan a cikin ƙasa suke zaune, suna biyo shinkafa da wake da gero tun daga gona. In an ɗora tukunya ba duka suke mutuwa ba, wasu shigewa suke cikin ƙwanso su lafe, kamar kwaɗo a taɓo lokacin rani. Abinci na hucewa, in aka bar shi ya daɗe a wuri mai ɗumi, sai su farka su hayayyafa su zuba dafi. Ta ce akwai dafin da ke sa gudawa, akwai mai sa amai, kuma na aman nan ko an sake ɗumama abincin wuta ba ta kashe shi. Ba lallai ya yi wari ba, ba lallai ya yi tsami ba.

Wani ya ce to ai sai a hallaka danginsu gaba ɗaya. Ta ce a'a, 'yan uwansu na kusa su ne suke nunar mana da daddawa. Na ce, "Dakta, ashe su ma kamar gidan mutane ne, ɗaki ɗaya a haifi liman a haifi ɓarawo." Ta ce in ba ta aron maganar, za ta riƙa koyarwa da ita.

Sannan ta fito da abin da muka zo dominsa. Wani ɗan farin tsinke ne mai taga, kamar na gwajin zazzaɓin sauro. Ana ɗibar abinci kaɗan, a dame shi a leda mai tsabta da wani romo na musamman, a sa a akwati mai ɗumi ya kwana, don in akwai ƙwayoyin su yi yawa su zuba dafinsu. Washegari a ɗiga ruwan a kan tsinken a jira kamar tsawon tafasar shayi. In layi ɗaya ya fito, ba a ga komai ba. In wani ya ƙaru, akwai magana.

Mushe Ari ya ɗaga biro. "Madam, an ce gwajin gaggawa ne. Ya kuma za a ce sai ya kwana?"

Ta ce, "A da sati guda ake yi, Malam, wani lokaci fiye."

Na ce a raina, gaggawar masu ilimi daban ce. A Zango in ka ce wa mai jin yunwa ya jira gobe, ba ya kiran wannan gaggawa.

Ana tashi na ɗauko kwanona na same ta. Na kwance ɗankwali, na ba ta labarin suna tun daga farko, na ce ta gwada ta rubuta mini takarda da tampo in kai Damagaram. Ta dubi awarar, wadda ta wuni a mota ta kwana a otel, ta dube ni.

"Hajiya, wannan ba ita aka ci ranar suna ba."

Na ce, "Hannu ɗaya ne ya yi su."

"Hannu ɗaya, amma rana daban. In ta fito lafiya ba ta wanke ki ba, in ta nuna layi biyu ba ta kama ki ba, zafin mota ta nuna. Awarar ranar suna ta tafi tare da waɗanda suka ci ta."

Na tsaya riƙe da murfin kwano kamar wadda aka yi wa sata a kasuwa. Duk doguwar hanyar nan, ashe shaidar da na ɗauko ba ta ga komai ba. Na koma ɗaki na zauna bakin gado, ban san lokacin da hawaye suka zubo ba.

Kashegari da rana aka kawo mana wata shinkafa ruwan ɗorawa mai ɗan kore-kore, da gutsattsarin karas a ciki, wai firai rais. Ni raina a ɓace yake, kuma shinkafar da ba miya ban san inda zan kama ta ba. Na jiƙa garin rogona da ƙuli-ƙuli na sha. Mushe Ari ya ci faranti biyu, ya ce mutum ba ya zuwa ƙasar waje ya ƙi koyon al'ada.

Bayan azahar Dakta tana nuna mana yadda ake ɗiga ruwa a tsinke, sai mai ƙunshin nan ta miƙe ta fita da sauri, hannu a baki. Can sai wani. Can sai biyu tare, suna rige-rigen ƙofa, kowa yana ce wa ɗan uwansa bismilla amma ba mai tsayawa. Mushe Ari ya daure, ya daure, zufa na tsattsafo masa, yana ta rubutu don kada a ce wakilin Nijar ya gudu daga fagen fama. Daga ƙarshe ya ajiye biro a hankali, ya ce, "Pardo," ya fita da wata irin tafiya da ban taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya yi ba. Kafin la'asar rabin masu koyon gano dafi a abinci suna kwance da dafi a ciki.

Dakta Bilkisu azumi take yi ranar, Allah ya tsare ta. Ta ɗauki leda mai tsabta ta ce in biyo ta, muka shiga kicin, ta ɗebi ragowar shinkafar nan a gaban manaja. Ta ce ni zan dama, ni zan zuba romo, ni zan sa a akwati. Manaja yana bin mu yana cewa abincinsu ba ya haka, ruwan Kano ne bai karɓi baƙi ba. Dakta ta ce masa mafi yawan waɗanda ke kwance, a Kano aka yanke musu cibiya.

Da safe aka taru, fuskoki duk sun zabge. Ni na ɗiga ruwan da hannuna. Muka zuba wa ɗan tsinken nan ido kamar masu duban wata. Layi ɗaya ya fito. Jim kaɗan na biyu ya biyo shi, ja wur, ba ko kunya.

Aka kira mai dafa abinci, wani dattijo mai ladabi. Ya cire hula ya ce shi dai bai zuba komai ba. Don kada aiki ya yi masa yawa ne ya dafa farar shinkafar tun marecen shekaranjiya, da yake ba nefa kuma firji bai yi sanyi ba, ya bar ta a babbar tukunya ya rufe ruf saboda ƙuda. Da hantsi ya soya ta da mai mai zafi. Ya ce, "Wallahi na shinshina, ƙalau take. Kuma ai ta sake shiga wuta."

Mutane suka hau shi da faɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Dattijon nan labarina yake bayarwa. Jajibirin suna, don in rage aiki, na yi rabin awarar tun da marece, na haɗa da kwantan da ya rage mini na ranar, na zuba a baho tana da ɗumi, na rufe da leda na danne da faifai na kai cikin ɗaki, ga zafin bazara. Da safe na sake jefa ta a mai, ta yi ja gwanin kyau. Ban taɓa lissafa wannan a laifi ba. Uwata ma haka take da ɗumame.

Da aka fita shan shayi na raɓa kusa da Dakta na ce, "Wata ƙawata ce a can garinmu, takan haɗa kwantai da sabo ta rufe ya kwana, da safe ta sake soyawa."

Ta ci gaba da jera kwalabenta, ba ta ɗago ba. "Ki gaya wa ƙawar taki ta riƙa yin daidai abin da za ta sayar. In ya rage, ko ya shiga sanyi da wuri, ko ya shiga cikin awaki. Ki kuma gaya mata ba muguwa ba ce. Ba ta sani ba ne." Sai ta ɗago ta dube ni. "Yanzu kam ta sani."

Ranar rufe taro manyan baƙi suka dawo, aka yaba da nasarar da aka samu, ba wanda ya ambaci shinkafa. Aka ba mu takardar shaida mai zanen zinariya, a tawa an rubuta Hajiya Hafsat, sunan da ko a ranar sunana ba a kira ni da shi ba. Aka damƙa wa Mushe Ari ɗan kwali na tsinkayen gwaji da kwalaben romo, aka ce a ajiye a wuri mai sanyi.

A hanyar dawowa Mushe ya yi laushi. Ni na riƙa haɗa masa ruwan gishiri da sukari a gora, ni na riƙe masa takardar misiyo, yanzu Yaya Habsu yake ce mini. A iyaka na duba mai kakin nan ban gan shi ba, na yi masa addu'a. Muna wuce Matamaye na gaya wa Mushe abin da na yi jajibirin suna. Yana kallon gonakin rake ya ce, "Mu gwada mu gani. Kada ki yanke wa kanki hukunci da ka."

Mun iske labarin tsinke ya riga mu isowa gari. Kafin mu samu firigon da za mu ajiye shi, wanda a ƙarshe na mai sayar da ƙanƙara ne ya taimake mu, mutane sun fara sallama. Wani magidanci ya zo da malmalar tuwo a ƙarƙashin riga, wai a duba masa ko an yi masa barbaɗe. Wata ta kawo ruwan rijiya tana zargin aljani. Mushe Ari ya yi bayani har muryarsa ta dushe, suka tafi suna cewa rowa ce, sai masu hanya ake gwada wa.

Muka yi namu a hankali. Na soya awara na raba biyu. Ɗaya aka dama ta nan take aka kai akwatin ɗumi na labon gidan likita. Ɗayar na rufe ta a baho da leda ta kwana a ɗakina kamar yadda na saba, da safe na sake soya ta, sannan ita ma aka dama aka kai. Ta farko layi ɗaya. Ta biyu layi biyu.

Mushe Ari ya cire biro ɗaya daga cikin ukun. Ya ce a takarda zai rubuta gaskiya, cewa ba a iya tabbatar da abin da ya kwantar da mutane ranar suna ba, tunda ba samfur, kuma an ba ni izinin komawa suya bisa sharaɗin ba kwantai. Ya ce, "Ba wanda ya san sauran sai ni da ke." Na ce masa na gode, amma akwai wadda ta rantse a kaina tana kan gadon likita.

Na iske Iya Fanna a tsakar gida tana tsince zogale. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "'Yar Kano, an dawo? Me kika kawo mini?" Na ce na kawo mata magana. Na faɗa mata duka, baho da leda da faifai, da layi biyu. Na ce, "Iya, ina jin ni na kwantar da ke. Kin tsaya mini a gaban mutane, ga shi ban cancanta ba. Ki yafe mini."

Ba ta daina tsince zogalenta ba. Ta ce, "Shuɗin bahon nan ko? Wanda kika danne da faifai?"

Na ɗago a razane.

"Ta saman katanga na gan ki, ina shanya. Kin ɗauka tsufa makanta ce?"

"To Iya, me ya sa kika ce hannuna ba ya kawo cuta?"

Ta ajiye faranti, ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Don dambun da aka ci ranar, shi ma tun jajibiri na turara shi. A ɗakina ya kwana, a rufe. Ina kwance a likita ina ta tunani, ko Habsu ce, ko ni ce. Na ce in na bari aka cinye ki, gobe ni za a juyo."

Muka dubi juna. Ni ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, ita kuwa ta riga ta fara, kafaɗunta na rawa, tana share ido da bakin zane.

"Na yafe miki, ke ma ki yafe mini," in ji ta. "Gobe ki zo ki ɗebi dambuna ki kai wa wannan tsinken naku. Amma ki bari sai surukata ta tafi kasuwa, kada maganar ta fita."